Motar da Mai Kunne Bai Taɓa Kwancewa Ba

Idan ka bi titin da ya wuce ta bayan tashar mota, ka sha kwana daidai wajen mai faci, za ka ga wani fili da ƙasarsa ta yi baƙi ƙirin saboda baƙin mai. Nan garejin Mai Kunne yake a da. Yanzu wani ne a wurin, amma har gobe in ka ce garejin Mai Kunne, babu direban da zai tambaye ka ina ne.

Sunan nan kuwa ba a banza ya same shi ba. Shekara arba'in da ɗoriya ya yi yana kanikanci, kuma shi da kunne yake fara aiki kafin hannu. Mota za ta shigo tana tari, mai ita ya fito yana zuba bayani, sai Mai Kunne ya ɗaga masa hannu ya ce, "Dakata, bari ita ta faɗa da bakinta." Ya ɗauko doguwar sukudireba, ya ɗora tsininta a kan inji, ya manna kunne a ƙotar, ya lumshe ido kamar ana raɗa masa sirri. Can sai ya miƙe ya ce fulogi na uku ne. A kwance, a tarar fulogi na uku ne.

Wani halin nasa kuma, bai taɓa kiran mota da sunan kamfaninta ba. Kowane iri da sunan da ya laƙaba masa. Akwai irin da yake kira Gwaggo, don tun yana ɗan koyo ya tashi ya gan ta, ga mita ga ƙorafi, amma dai ta gida ce. Tasa motar ma Gwaggo ce, tsohuwa tukuf, ruwan toka. A cikinta ya kai 'ya'yansa huɗu makaranta har suka gama suka watse, aka bar shi daga shi sai matarsa, wadda kowa ke kira Inna, sai kuma Auta, 'yarsu ta ƙarshe, malamar makaranta, da ke aure layi biyu daga gidan.

Da ya bar gareji, cewa ya yi ya gaji. Gaskiyar maganar, hannunsa ne ya fara rawa. Kaɗan-kaɗan abin ya soma, har ya zama in yana cikin mutane sai ya zuba hannuwan a aljihu. Bai faɗa wa kowa ba, kowa kuma bai tambaye shi ba.

Ana nan sai ciwon ƙoda ya kama Inna. Likita ya ce sai an riƙa yi mata wankin ƙoda sau uku a mako, ƙarfe bakwai na safe. Injinan wankin ba su da yawa, marasa lafiya kuwa ga su nan layi, saboda haka wanda ya makara sai a ɗora wani a gurbinsa, shi ya jira yamma, in ma an samu wuri ke nan. Mai Kunne ne ke kai ta. Ya raka ta bakin ƙofar ɗakin, ya dawo wajen ajiye motoci, ya ɗaga bonet. Awa huɗun da take yi a ciki, shi yana kan Gwaggo: ya ƙara ruwa a lagireto, ya goge kan batir, ya taɓa nan ya ɗaure can, don dai ta mayar da su gida lafiya. Ko ya so shiga ma, ma'aikatan jinya ba sa barin mai hannu dumu-dumu da baƙin mai ya matso kusa da gadon.

Ran wata Laraba da safe, suna tsakiyar gada, Gwaggo ta yi tari biyu ta mutu. Tun kafin ta tsaya ya san ciwon: wani ɗan noti ne ya saki a bututun mai, aikin minti biyu. Ya fito da sifana mai lamba goma. Sifana ta ƙi zama a kan noti. Ya sa, ta zame. Ya sake sawa, ta faɗi ƙasa. Sau uku yana durƙusawa yana lalubo ta a ƙarƙashin mota, motoci na ta yi masa ham. Sai da wani mai tasi ya tsaya ya ɗaure masa. Suka isa asibiti tara saura, an riga an ba wani gadon. Ranar Inna a zaune ta wuni a kan benci, ƙafafu a kumbure, numfashi sama-sama, har la'asar.

Auta ce ta buga wa yayyenta waya. Kafin mako ya zagayo sun gama magana: za su haɗu su saya wa Baba sabuwar mota fil, shi kuma ya zaɓa, tunda duk gidan babu wanda ya kai shi sanin mota.

Ran Asabar Auta ta ɗauke shi suka tafi wurin sayar da sababbin motoci. Wuri ne mai gilashi tun daga sama har ƙasa, daɓen yana sheƙi har kana ganin fuskarka, ga sanyi. Mai Kunne ya shiga yana taka ƙasa a hankali kamar kada ya ɓata ta. Mai sayarwar, wani dogo mai nakatayel, ya tarbe su da fara'a ya nuna musu iri uku da suka dace da abin da suke nema.

Ta farko ko minti ɗaya ba ta ci ba. "Wannan 'Yar Ƙwalisa ce," in ji Mai Kunne. "Fitilu kamar gidan biki. Wuce."

Ta biyu kuwa, tun daga nesa fuskarsa ta washe. Sabuwar Gwaggo ce, an yi mata kwaskwarima, amma da ya ɗaga bonet sai ga komai a inda ya san shi. Ya shafa injin kamar yana gaisawa da tsohon aboki.

"Baba, ka dai duba ta ukun," in ji Auta, tana latsa waya. "Na karanta abin da masu ita suke faɗa. Kusan kowa cewa yake shekara da shekaru ba ta taɓa zubar da shi a hanya ba."

"Wayar taki ta taɓa kwance inji?"

"Kai Baba!"

"A'a, tambaya na yi."

Ya dai je ya ɗaga bonet ɗin ta ukun don kada ta ce ya ƙi. Wani baƙin murfi ya rufe injin ruf, ko inda zai ɗora sukudireba bai gani ba. Ya mayar ya rufe.

"Wannan ai Baƙuwa ce. Shekara goma sha biyar ina ganin irinta tana wucewa ta ƙofar gareji, ban taɓa kwance injin ko ɗaya ba. Ban san cikinta ba. Yaya zan ɗauki Innarki in sa a abin da ban sani ba? Gwaggo kuwa, ki ɗaure min ido da ƙyalle, in kwance ta in mayar."

Mai sayarwar ya buɗe baki zai yi magana, Mai Kunne ya ɗaga masa hannu irin yadda yake yi wa masu mota a da. Bawan Allah ya haɗiye maganarsa.

Da ya ga Auta ba ta gamsu ba, sai ya ce su biya wajen Mai Janwe ta ji daga bakin shaida. Mai Janwe tsohon abokinsa ne, shekara talatin yana jan matattun motoci daga titi, rabinsu kuma garejin Mai Kunne yake kai su. Suka same shi a kan benci ƙarƙashin rumfa, ya miƙe ƙafa, yana shan shayi.

"A'a! Yau kunne ne da kansa a wajenmu? Auta, har yanzu tsohon nan yana jin magana, ko sai ta inji?"

"Sai ta inji, Kawu."

"Rabu da ita," in ji Mai Kunne, ya zauna. "Faɗa mata gaskiya tsakaninka da Allah. Gwaggo mota ce ko ba mota ba ce?"

"Gwaggo?" Mai Janwe ya ajiye kofi ya ɗaga hannu sama. "Allah ya yi wa Gwaggo albarka! Ita ta gina min gida. Ita ta sa 'ya'yana a makaranta. Ranar da ban ja Gwaggo biyu ba, ranar ban fita aiki ba ke nan."

Auta ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa.

"Ban da wasa," in ji Mai Kunne.

"Wa ke wasa? Kai a ina ka san cikinta haka? Ba ni nake kawo maka su ba? Ni in ja, kai ka kwance, duk a kanta muka ci abinci."

"To Baƙuwa fa, Kawu?"

"Wannan marowaciyar? Sau biyu na taɓa janta a rayuwata. Ɗaya mai ne ya ƙare wa mutumin, ɗaya kuma direban ne ya zura ta a kwata. Da irinta ce ta cika titi, da ni da ubanki tuni mun koma sayar da rake."

Mai Kunne bai yi dariya ba. Ya ce, "Amma Gwaggo in ta lalace, gyaranta ba wuya."

Mai Janwe ya dube shi, ya dubi aljihunan da hannuwan ke ciki, ya ɗauki kofinsa ya kurɓa. "Haka ne," kawai ya ce.

Da yamma Inna na zaune a tsakar gida, ta ɗora ƙafafu a kan matashi, tana tsince zare daga wani tsohon zane. Auta ta riga ta ba ta labari kaf kafin ta wuce gidanta. Mai Kunne ya jawo kujera ya zauna kusa da ita yana ta bayanin yadda kayan gyaran Gwaggo suke a kowane lungu. Ta bar shi ya kai aya.

"Malam, ran nan a kan gada, ka san abin da ya same ta?"

"Tun kafin ta tsaya na ji shi."

"Na sani. Ai ina kallonka ta 'yar kafar nan ta ƙasan bonet." Ta ci gaba da jan zarenta, ba ta ɗago ba. "Kunnen yana nan garau. Hannun ne ya gaji, kuma ya isa ya gaji. Shi ya ciyar da mu, shi ya yi wa yaran nan komai. Ni dai ba wadda za ka iya gyarawa nake so ba. Wadda za ta kai ni nake so."

Ya zaro hannuwan daga aljihu, ya ɗora su a gwiwa, a fili, suna 'yar rawarsu. Rabon da ya yi haka a gaban wani har ya manta. Inna ta miƙa nata ta dafa ɗaya, ta ce ya tashi ya ɗauko mata ruwa, rabin kofi kawai, yadda likita ya ce.

To amma Mai Kunne ba mutumin da zai sayi mota da maganar waya ko ta abokin wasa ba ne. Washegari ya sa doguwar sukudirebarsa a jaka ya fita. Kwana uku yana zaga garejin mutanen da suka koyi aiki a hannunsa, waɗanda yanzu kowa ogan kansa ne. Tambaya ɗaya yake yi musu: wace mota ce ba ta zuwa? Duk amsar ɗaya ce. Daga nan ya wuce inda 'yan tasi ke jiran fasinja, ya nemi Baƙuwar da ta fi kowacce tsufa, wata mai fashashshen gilashi da kujeru duk sun yage, wadda ta ci hanya har lissafinta ya ɓace wa mai ita. Ya roƙi direban ya tayar, suka cire baƙin murfin nan, ya ɗora tsini, ya manna kunne, ya lumshe ido. Sababbin motoci, a cewarsa, duk muryarsu ɗaya. Tsohuwa ce ba ta iya ɓoye hali.

Ya daɗe a sunkuye, har direban ya fara tsarguwa.

"Baba, lafiya? Akwai matsala ne?"

"Ita ce nake nema," in ji Mai Kunne, ya miƙe yana dafe ƙugu. "Ban samu ba."

Ran Litinin ta sama, bakwai saura kwata, wata farar Baƙuwa ta shiga harabar asibiti, ledar kujerunta ma ba a gama cirewa ba. Ya raka Inna bakin ƙofa kamar kullum, ya dawo, ya ɗaga bonet, don hannu ya saba. Ya duba ruwa, yana nan cif. Ya duba baƙin mai, kamar zuma. Ya zagaya ta sau ɗaya, ya ƙwanƙwasa taya da ƙafa. Akwatin kayan aikinsa na nan a but, ya buɗe ya dube shi, ya mayar ya rufe. Ya tsaya tsakiyar fili, ga awa huɗu a gabansa, ga shi babu abin ɗaurewa.

Sai ya koma ciki. Ma'aikaciyar jinyar da ke bakin ƙofa ta ce, "Baba, hannu." Ya nuna mata gaba da baya. Ta ba shi sabulu duk da haka, ya wanke, ta buɗe masa.

Bai taɓa ganin cikin ɗakin ba. Gadaje shida, kowanne da injinsa a gefe, da siraran bututai jajaye suna kai jini suna dawo da shi. Inna na kan na ƙarshe, wajen taga. Da ta hango shi sai ta ɗan yunƙura.

"Me ya faru? Ta lalace?"

"Ƙalau take. Abin haushi."

Ya jawo kujera ya zauna. Jim kaɗan sai ta ga ya karkata kai wajen injin wankin, ya lumshe ido.

"Malam, kada ka soma. Wannan ba naka ba ne."

"Ji kawai nake."

"To me ya ce?"

Ya ƙara saurarawa, sannan ya gyara zama, ya ɗora hannu a gefen gadon kusa da nata.

"Ya ce ki yi barcinki. Ina nan."