Alƙalamin Nasara a Idon Hassi

Ku ji abin da yas same ni cikin gidana. Mu uku ne jiya: ni, da jikata Hassi da anka ba ni riƙo tun rasuwar ubanta, da wanta Umaru, ɗan makarantar Nasara, da yaz zo gaisuwa.

Ina daka. Umaru ya aje alƙalaminai mai bakin ƙarfe bisa tabarma. Hassi kullum tana kallo ina sa tozali. Sai tad ɗauka, tat tsoma tawada, tak kai ga ido. Ƙara ɗaya! Jini da baƙin tawada har haɓa.

Umaru yac ce, "Kaka, ce take tsinken tozali ne."

Uwar Hassi taj ji labari, tas sheƙo daga gidanta na Ƙofar Marke, tag goya ta, tac ce, "Inna, riƙon ya isa haka."

Tat tafi da ita. Tuwon ma ban taɓa ba.

Da safe nit tafi can, nir rufe ma Hassi lafiyayyen idon da tafin hannuna, nic ce, "Ke, mi kika gani?"

Tad daɗe tana ƙyafta. Tac ce, "Kaka, yau ba ki sa tozali ba."

Nig gode Allah, nid dawo gida ni kaɗai.