Rawanin da Ya Ɓata Mana Shadda

Shekarar da aka tura maigidana aiki Alƙahira, mun kama haya a unguwar Ma'adi, hawa na biyu a wani tsohon bene mai bishiyoyi a gabansa. A samanmu wasu Indiyawa ne, miji da mata da uwar mijin. Ni da na tashi a Kano da kallon fina-finan Indiya, sai na ɗauka na yi dacen maƙwabta. Har cincin na soya na kai musu. Matar ce ta karɓa a bakin ƙofa, ta yi godiya da Turanci. Tsohuwar kuwa tana zaune can ciki, ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta, ko ɗaga kai ba ta yi ba.

Daga bakin matar na ji cewa mutanen Rajastan ne, kuma marigayi mijin tsohuwar jinin sarauta ne, a fada ya girma. Da akwatunan ƙarfe ta zo, cike da kayansa da nata. Ba ta yarda mai wanki ya taɓa su, ba ta yarda da inji. Da hannunta take jiƙa su a baho, ta shanya a barandarsu, wadda take daidai kan tawa.

Rawunan marigayin ne matsalar. Safa suke ce musu. Ƙyalle ne shara-shara, amma tsawonsa ya wuce misali, an rine shi ja da ruwan ɗorawa a karkace kamar igiyar ruwa. In ta rataya ɗaya, sai jelarsa ta sauko ta tare mini hasken falo, tana ɗiga. Na daɗe ina haƙuri, ina janye shanyata gefe.

Gab da ƙaramar Sallah na wanke farar shaddar maigida, babbar riga mai aikin hannu da ya ɗinko a Zariya. Na sa mata sitaci, na shanya, na tafi kasuwar Ataba nemo wa yara takalma. Da na fita babu komai a igiyar sama. Da na dawo, rawani na reto, kuma jan ɗigo ya bi rigar daga kafaɗa har bakin aljihu, ya shiga cikin zaren aikin ya zauna.

Ko mayafi ban cire ba na hau da rigar a hannu. Matar ta buɗe, ta ga abin da na riƙe, ta dafe ƙirji. Ta juya ta yi wa tsohuwar magana da yarensu. Tsohuwar ta taso a hankali, ta dubi rigar daga nesa, ta faɗi wani abu gajere.

Na ce, "Me ta ce?"

Matar ta sunkuyar da kai. "Ta ce rinin garinsu ba ya zuba. Don sarakuna aka yi shi."

"To wannan jan daga sama ya faɗo?"

Tsohuwar ta ƙara magana, tana nuna rigar da leɓe. Sai da na matsa wa matar sannan ta ce, "Wai me ya sa kike shanya zanin gado a ƙarƙashin rawani?"

Zanin gado! Na warware rigar a gabanta, na riƙe ta da hannu biyu don ta ga wuya da aikin. Na ce, "Ki gaya mata wannan rigar manya ce. Ki kuma gaya mata a garinmu akwai marina, mun san rinin da ya kama, mun san wanda bai kama ba." Ban san ko ta fassara duka ba. Tsohuwar dai ta juya mini baya, aka tura ƙofa.

Maigida ya ce, "Ma'alish, in ji Misirawa, ki yi haƙuri ki rabu da su. Tsohuwar sa'ar mahaifiyarki ce." Da wata tsohuwar riga ya je idi. Farar kuwa mun kai ta wurin masu wanki har sau nawa, jan ya koma ruwan hoda, ya ƙi fita.

Bayan nan wata rana iska ta tsinko rawani guda ta jefo shi barandata. Na ɗauka na kakkaɓe, na ninke shi da kyau, na kai sama, ina cewa a raina ko wannan zai sa a ce mini an gode. Tsohuwar ba ta miƙo hannu ba. Ta sa matar ɗanta ta kawo bokitin ruwa, ta nuna mini in saka shi a ciki da kaina. Na fahimci nufinta sarai, wai hannuna ya ƙazantar da shi. Na sake shi ya faɗa ruwan, na sauko.

Daga ranar gaisuwa ta ƙare. Kuma daga ranar na gano cewa babu wurin da ya fi baranda daɗin suyar busasshen kifi da daddawa, musamman ranar da aka yi shanya a sama. Ina jin tsohuwar tana janye kayanta da sauri, tana faɗa. Ita kuma ta koma shanya da asuba, kafin in tashi. Haka muka zauna.

Sau ɗaya na gan su cikin kayan sosai. Wani bikin danginsu za su, lif ya lalace, ni ina hawowa da cefane, su suna saukowa. Ɗan ya naɗa jan rawanin nan, jelarsa har gadon baya, da wani ƙarfe mai duwatsu maƙale a goshi. Doguwar riga ce a jikinsa, ta kama ƙirji ta baje daga ƙugu, wandon kuma ya matse ƙwauri. Tsohuwar tana gaba cikin wani siket mai faɗi da suke kira gagra, bakinsa ya sha zaren zinari, nauyinsa ma ana jin sa yana jan matakala. Mayafinta shuɗi ne mai ɗige-ɗigen ɗauri, awarwaro farare tun daga wuyan hannu har damtse. Wallahi kayan sun yi kyau, kuma kyansu ya ƙara ba ni haushi.

Ta tsaya. Na tsaya. Siket ɗinta ya cika hanya, tana jira in koma ƙasa in ba ta wuri.

Ɗan ya ce, "Madam, don Allah."

Na matsa jikin bango, na ce, "Ga hanya nan, ta ishe mu."

Mun jima a haka, ledojin cefane suna yanka mini yatsu. A ƙarshe ta tattare siket ɗin da hannu biyu, ta ɗage shi kamar mai tsallake kwata, ta wuce tana wata magana ƙasa-ƙasa. Na dubi matar ɗan. Wannan karon ba ta fassara ba, ni ma ban tambaya ba.

Da sanyi ya shigo, tsohuwar ta koma ƙasarsu da akwatunanta. Bayan tafiyarta na haɗu da matar a cikin lif, ta sa wando da 'yar riga, kanta a buɗe, har ta yi ƙiba. Ta ce in hau wata rana mu sha shayi. Na ce insha Allah, irin insha Allahun Misirawa. Har muka bar gidan ban hau ba.