Gonata a Duniyar Mars

Gonata ce ta ƙarshe a layin ruwanmu na Bunkure, kuma a ranin nan ruwa ya daina isowa. Tumatir ya yi yaushi, ƙasa ta bushe har ƙadangare sai da guzuri yake ratsa ta.

Ina zaune bakin kwalbati maƙwabcina ya miƙo mini wayarsa. Na ga hoton wani fili fetal, tsakuwa ko'ina, ga tayar mota a gefe.

Na ce, "Wa ya shigar mini gona da mota?"

"Haba Malam, duniyar Mars ce! Motar ta sauka can, wani kumbo na kewayawa a sama, shi ke karɓar hotunan ya aiko."

"Shi bai sauka ba? Dillali ne ke nan. To wa ke tuƙa motar?"

"Ba kowa."

Kaina ya ɗaure tamau. Na ari wayar na nufi wurin shugaban masu ban ruwa don ya warware mini. Kafin in buɗe baki ya ƙura wa hoton ido, ya yi salati.

"Haka gonar ta koma? Gobe za a sakar maka ruwa."

Ruwa ya zo, tumatir ya farfaɗo. Har yau ban tabbatar gonar wa aka ɗauka ba.