Rabin Fuskar Inna

Shekara goma sha biyu ke nan da aka fito da Yaya Sale daga gidansa na bayan Kusugu aka kai shi makwancinsa. Ni ƙanwarsa ce, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma mu biyu kaɗai Inna ta bari a duniya. Mutanen Daura sun san shi da Sale Mai Hoto. Duk shekara in watan rasuwarsa ya kama sai in ce zan rubuta wani abu a kansa, sai gajiya ta danne ni, in ce bari sai baɗi. Bana ma ba hutawa na yi ba. Idona ne ya fara yana, kuma abin da nake son faɗa magana ce ta hoto, gara in faɗe ta tun ina iya kallonsa.

Shagonsa yanzu wurin cajin waya ne. In na wuce a keke napep nakan ga samari jingine da ƙofar suna ɗaga waya sama suna turo baki. Da yana nan da ya sha haushi, don mutum ne da zai tsayar da kai a rana har ka yi gumi saboda kawai hularka ta karkace. Mai faɗa ne, ba zan ɓoye ba don ya mutu. Amma in ya miƙo maka hotonka sai ka manta da masifar da ka sha.

A shekarun da aka fara Shari'a a jihar nan aikinsa ya sauya. Hotunan biki na cakuɗa suka ja baya, sai wani sabon aiki ya ɓullo. Mutane suka riƙa zaro tsofaffin hotunan iyayensu mata daga ƙasan akwati, waɗanda aka ɗauka zamanin ɗaurin ƙirji da ɗankwali a ƙeya, suna kawowa a sa musu mayafi. Yaya ya sayo wata tsohuwar kwamfuta a Kano, mai babban akwati a ƙarƙashin tebur da allo mai tudun ƙeya, in ta tashi sai ka ce injin markaɗe. Da ita ya koyi aikin. Yakan shigar da hoton ciki, ya ɗora mayafi, ya kai Kano a wanko. In mai shi ya karɓi sabon, sai ya ƙone tsohon ko ya ce Yaya ya ƙone masa. Babu wanda ya kafa wannan doka. Mutane ne suka ga sutura ce ga mamaci, ni ma a lokacin haka na gani.

Da yawa cikin hotunan gara ta ci su, ko ruwan damina ya ɓata. Nan Yaya ya ƙirƙiro dabararsa. In an kawo hoton da fuska ta lalace, sai ya ce a turo masa wadda ta fi kama da marigayiyar cikin 'ya'ya ko jikoki. Ya zaunar da ita a benci, ya juya mata kai daidai yadda na hoton yake, ya ɗauka, sannan ya yanko ido ko kunci ya cike gurbin. Aron fuska yake ce masa. Har daga ƙauyuka ake zuwa saboda wannan, ana fita ana share hawaye ana sa masa albarka.

Inna hoto ɗaya ta taɓa ɗauka a rayuwarta. Wani mai hoto ne ɗan yawo ya ɗauke ta ranar kasuwar Baure, garin iyayenta, kafaɗunta a waje, ɗankwali ya zame baya. Ta rasu ina 'yar firamare, Yaya bai daɗe da fara gemu ba, don haka kusan duk abin da muka riƙe na kamanninta daga takardar nan ne. Gara kuwa ta cinye gefen hagu na fuskar, daga gira har haɓa. Ni aka ce na ɗauko ta, sai Yaya ya zaunar da ni a bencin nan, ina da 'ya'ya huɗu a lokacin, ya ari idona da kuncina. Ya sa mata mayafi ruwan toka. Da Baffa Idi, ƙanen mahaifinmu mai karantar da manya a zaure, ya ga sabon hoton, sai da ya kawar da kai ya goge ido. Daga nan ya nemi tsohon, ya yi bismillah ya ƙone shi a gabanmu, ya binne tokar a gindin bango. Yaya bai yi gardama ba, don ya san yana da kwafinsa a cikin kwamfuta.

Ashe duk hoton da ya shigar yakan ajiye na asalinsa kafin ya taɓa shi. Ya tara su wuri guda a cikin kwamfutar, ya ɓoye wurin yadda ko ka zauna gabanta kana lalube ba za ka gan shi ba. Ɗakin amana yake kiransa. Ni kaɗai ya faɗa wa, ni ma sai da ya sa na yi alkawari.

Hoton Inna ya rataya a gidajenmu, kowa yana yabo, shi kaɗai bai gamsu ba. Kullum ƙorafinsa allon tsohuwar kwamfutar nan dishi-dishi yake, kuma maƙaryaci ne: ya ga fatar mutum daidai, a wanko ta fito ja kamar an shafa manja. Sai ya jiyo wurin masu hoto na Kano cewa akwai wata irin kwamfuta daban, fara, ba ta da akwati, komai nata a bayan allo yake, launin da ka gani shi za a wanko. Damina biyu ya yi yana zancenta har matarsa ta fara ce masa angon farar kwamfuta. Ya ce ranar da ta shigo hannunsa aikin farko shi ne ya buɗe na asalin Inna ya sake gyaran daga tushe, a hankali, yadda ya kamace ta. Don ya cika kuɗinta ya yi cinikin tsohuwar da wani mai buga wa direbobi takardu a Kongolam, can bakin iyakar Nijar.

Mai shagon da ya sayar masa da sabuwar ya ce ya kawo tsohuwar zuwa Kano a haɗa su da waya, a kwashe komai cikin wuni guda. Yaya ya ƙi. Ya ce ba zai ɗauki iyayen mutanen Daura babu mayafi ya ajiye gaban wani ƙato a kasuwa ba. Shi da kansa ya zauna yana kwashewa a faifai, ana kawo wuta ana ɗaukewa, ya fi mako yana fama. Abin da bai sani ba, wurin da ya ɓoye wa mutane ya ɓoye wa faifan ma, bai bi sauran ba. Da ya ga ya gama, sai ya goge tsohuwar tas, ya sake gogewa, don kada wani a bakin iyaka ya yi tuntuɓe da matar wani. Sannan ya ɗora ta a mota.

Makonnin farko da sabuwar wahala ya sha. Linzamin da ake sarrafa ta da shi ba irin wanda hannunsa ya saba da shi ba ne, duk abin da yake nema a dama sai ya same shi a hagu, yana tsaki yana ce mata baƙuwa mai iyayi. Da ya fara gane kanta sai ya aika a kira ni. Na je bayan azahar, na zauna kusa da shi, ya buɗe hoton Inna wanda ya gyara. Allon nan bai rufa wa kowa asiri ba. Ga layin ɗinkin nan ya sauko ta gefen hanci. Gefe guda fatar mace mai shiga gona, ɗaya gefen fatar malamar makaranta mai shafa mai. Idanun ma ba abu ɗaya suke kallo ba.

"Hadiza," ya ce da ni, "wannan ai ke ce muka rataya a bango muna kira Inna. Bari in ɗauko na asalin."

Ya sa faifai ya cire, ya sa wani ya cire. Aka kira la'asar yana nema. Ina kallon wuyan rigarsa yana jiƙewa, na riga na gane tun kafin shi ya yarda. Washegari ya hau mota zuwa Kongolam. Ya tarar mutumin ya cika kwamfutar da nasa tarkacen, ya roƙe shi ya ba shi aronta, ya kai ta Kano wurin masu gyara. Suka ce da gogewa ɗaya ya yi, kuma da ya kawo da wuri, da wataƙila an dawo da hotunan. Ya dawo ya zauna a tsakar gidana ya ce in ba shi ruwa. Ya sha, ya ce garin gyaran gira ya rasa ido.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi ba ni gajiya in na tuna. Ya bi gidajen da ya taɓa yi wa aiki yana shaida musu cewa ya ajiye na asalin iyayensu kuma ya salwanta a hannunsa. Wasu suka ce ba komai, su dama sun ɗauka an ƙone. Wasu kuma suka hau shi da faɗa, wa ya ba shi izinin ajiyewa tun farko? Na hana shi yawon nan, na ce yana tono wa kansa rami, bai ji ba. Ya kuma daina aron fuska gaba ɗaya. In gara ta ci wuri, sai ya bar wurin da launin toka ya ce iyakar abin da ya rage ke nan. To wa zai biya a miƙo masa uwarsa da rabin fuska? Aka koma wurin yaran da suka koyi dabarar a wajensa, aka ce Sale ya sayi kwamfutar masu kuɗi girman kai ya kama shi.

Ya yi ta zarya Baure wurin tsofaffin da suka san Inna, yana tambayar kuncinta na hagu. Shi ya haƙiƙance tana da bille. Wata ƙawarta ta rantse akwai, wata ta rantse yayarta ce mai bille. Ya juyo kaina, na ce ban sani ba, ya yi fushi da ni kwana da kwanaki. Gaskiyata ce kuwa. Na daɗe ina kallon hoton bango har ya shafe wadda ke cikin kaina, in na rufe ido in tuno uwata, idona nake gani yana kallona. Wannan ciwon har yau bai sake ni ba.

Kwanakin baya 'yarsa Rabi ta zo da murna ta nuna mini abin da waya ke yi yanzu. Ta ɗauki hoton bangon, ta latsa, kafin in gyara zama ga wata mata fara sol, fata sumul kamar ƙwai, tana ƙifta ido tana mini murmushi. Rabi ta ce an gyara Kaka. Na ce ta kashe. Tun ranar nake tunanin me Yaya zai ce. Na san shi da son na'ura, zai karɓi wayar ya jujjuya, ya yi ta tambaya har a gaji da shi. Amma daga ƙarshe zai ce a gaya masa daga fuskar wa ta aro, don shi ko da ya yi aro a cikin jini ya yi, kuma ya san wadda ya zaunar a benci. Yau ana gyara matattu ana gyara masu rai, amarya ta fito a hoto ango ya kasa shaida ta, kowa ya ce ma sha Allah. Ba na faɗa da zamani, ƙarfin yin hakan ma babu. Ina dai ganin da ya kai yau da kaɗaici ya ishe shi.

Ciwon hanta ne ya kwantar da shi. Wata safiya ina ba shi koko, ya riƙe mini hannu.

"Ki riƙa gaya wa yara rabin nan naki ne. Kada su tashi suna yi wa kuncinki addu'a kina raye, uwarmu kuma ta tafi babu wanda ya san iyakarta."

Na gaya musu, nakan kuma maimaita duk sallah in an taru. Sukan yi dariya su ce, Gwaggo ai duk ɗaya ne, jini ɗaya ne. Na gaji da ce musu kama da wane ba ta wane.

In na auna abin da ya bari, ba shi da yawa. Farar kwamfutar tana ɗakin matarsa an lulluɓe ta da zane, ta daina tashi tuntuni. Sunansa ya fara fita daga bakin mutane. Dabarar da ya yi nadamarta ita ce ta yaɗu, gaskiyar da ya koma yi kuwa ta kore masa kasuwa. Duk da haka ban san wani da kunya da riƙon amana suka yi wa asara irin tasa ba, kuma bai taɓa cewa da ya sani da ya kai wa mutumin Kano ba. Abin da ya ƙi yarda da shi ɗaya ne, a bar ƙarya a bango da sunan uwarsa don kawai ƙaryar ta yi kyau.

Don haka ku 'ya'yanmu da jikokinmu, na Daura da na Baure, duk mai hoton nan a ɗakinsa ya tsaya gabansa, ya ɗaga tafin hannunsa na dama ya rufe rabin fuskar da ke saitinsa. Wadda kuka rufe ni ce, Hadiza, ina nan da raina. Mayafin na Yaya ne. Abin da ya rage, ido ɗaya da kunci ɗaya da rabin baki, ita ce Inna. Ku kalle ta da kyau kafin ku sauke hannun, ku yi mata addu'a, ku haɗa da ɗanta. Allah Ya jiƙansu, Ya sa yanzu ya ga fuskarta cikakkiya.