Ranar da Baba ya cire ni daga iƙamarsa

A Gubaira, wata unguwa a ƙasar Larabawa, aka haife ni, kuma har na cika shekara goma sha takwas ba ni da takardar zama tawa, ina ƙarƙashin iƙamar Baba ne, wato takardar zamansa, wanda direba ne. Da aikinsa ya ƙare, ya shirya komawa Kano da Umma da ƙannena. Ni kuwa ban san Kano ba sai a waya. Wani mai gareji ya yarda ya zama kafilina, wato mai tsaya mini in sami takardar zama, amma sai Baba ya sa hannu cewa ya sake ni.

Kwana uku takardar tana kan firij bai taɓa ta ba. Rana ta huɗu bayan Azahar ya ce in karanta masa, don na fi shi Larabci. Na karanta masa.

Ya ce, "Wato yanzu a doka ba ni da iko da kai."

"Takarda ce kawai, Baba."

"Na sani." Ya sa hannu, ya miƙo mini bai dube ni ba. "Ka riƙe salla."

Bayan mako biyu na raka su filin jirgi, na koma ɗakin da na kama a unguwar Utaiqa tare da mutum uku da ba sa jin Hausa. Juma'ar farko duk suka fita. Na sayo shinkafa da kaza, na juye a babban faranti yadda Umma take yi. Na ci gefe ɗaya, na rufe sauran.