Kunnen Gwaggo Hassi

Shekara tara ke nan da rasuwar Gwaggo Hassi, yayar mahaifina, kuma har yau in aka ambace ta sai na ji kunya ta rufe ni.

Ƙuli-ƙuli ne sana'arta a Kucheri tun tana budurwa. Duk kaskon da ta kwashe sai ta ɗauki guda, ya huce, ta kai saitin kunne ta karya. In ya ce ƙas, na kasuwar Tsafe ne. In ƙarar ta yi sanyi, ya koma cikin mai.

Da na gama karatun sarrafa abinci na buɗe ɗan kamfanin ƙuli-ƙulin leda a Tudun Wada, Gusau, da kaina na ɗauko ta don ta kula da masu suya. Wata Laraba ta tsayar da suyar yini guda cur.

"Wanga bai yi magana ba, Sani," in ji ta. "Akwai ruwa cikinai."

Na duba agogo, na duba ma'aunin zafi, komai ya cika yadda littafi ya ce, ga mota tana jira. A gaban matan da take koya wa aiki na ce mata nan ba ƙauye ba ne, ba da kunne ake aiki ba. Na sa aka loda kayan a motar. Ta wanke hannu, washegari ta hau motar Tsafe.

Kafin sati biyu kayan suka dawo daga shagunan Bungudu, sun yi laushi, wasu har da fumfuna. Na sa aka zubar a ɓoye. Bayan nan na je Kucheri ya fi a ƙirga, in kai mata atamfa da sabulu, mu yi hirar damina. Amma in buɗe baki in ce ta yi gaskiya, wannan ya gagare ni har ta koma ga Allah. Girman kai rawanin tsiya.

Yau a ɗakin gwajinmu akwai na'urar da ke danna ƙuli-ƙuli har ya karye, ɗan makirfo yana ɗaukar ƙarar, kwamfuta tana aunawa. In ƙarar ta gaza, kaya su koma cikin mai. Da tana raye, na san dariya za ta yi, ta tambaye ni ko ita ma abar tana ji in an ɗauke wuta.

Bara ne Malam Bala, direban da ke kai mana kaya, ya gaya mini tun a satin da kayan nan suka dawo daga Bungudu ya ba Gwaggo labari. Abin da ta ce masa kawai: "Kak ka hwaɗa mai na ji. Kunya na iya hana shi zuwa gaishe ni."

Kunnenta mun sami madadinsa, duk da tsadarsa. Wannan halin kuwa ban san inda ake samunsa ba. Ashe duk zuwan nan da nake yi ina ɓoye mata, ita ce ke rufa mini asiri. Allah Ya jiƙanki, Gwaggo. Kin yi gaskiya.