Shafin da Mukarrama Ta Ƙi Karantawa

A Kurmin Kogi, in rani ya yi tumatir ya rasa mai saye, mata ne ke zama su yanka shi a shanya ya zama kauɗa. Aiki ne mai cin baya, ruwansa kuma ya cinye yatsu. Shekara shida Mukarrama ce ke rage mana wahalarsa. Ita ba ta riƙe wuƙa. Kan turmi a kife take zama da waya a hannu, tana karanta mana littattafan soyayyar nan da ake turowa, mu kuma kowacce ta yanka mata kwano guda cikin nata. Haka aka tsara a gidan Goggo Hauwa'u, inda muke taruwa.

Mukarrama ta yi sakandare a Ikara, amma muryarta ce abin. In maganar namiji ce ta kaurara ta, in ta mace ce ta sassauto, har Lucia maƙwabciyarmu, da ke cewa ba ruwanta da labarin ƙarya, sai ki ga wuƙarta ta tsaya. Hannun hagun Mukarrama ba ya miƙewa. Tanko ne ya murɗe shi, tsohon mijinta, direban tifa a Makarfi, don ta ce masa ba ta da lafiya ranar. Unguwa ta sani, unguwa ta yi shiru. Da hannun nan yanka ba ya yi mata sauri, don haka karatun shi ne kauɗarta ta shekara.

Abin da ba mu sani ba, ashe tana tsallake. Littattafan kusan duk kanwar ja ce: attajiri mai ɗaure fuska, ya ƙwace wa matarsa waya, ya kulle ta a ɗaki, ta ce a'a ya yi kamar bai ji ba, da safe ya kawo mata shayi da hannunsa, marubuciya ta ce wai so ne ya yi masa yawa. In Mukarrama ta iso irin wurin nan sai ta zame, ta ɗinke labarin da bakinta, ba mai ganewa.

Bara ne Ummuhani ta kama ta. Amarya ce 'yar Kudan, wata huɗu da tarewa, ta riga ta karance littafin a wayarta. Ta ce Yaya Mukarrama ta tsallake wurin da ya fi daɗi. Aka kwashe da dariya, wata ta ce ashe shekara shida miya ba gishiri ake zuba mana. Ummuhani ta ƙara da cewa namijin da ba shi da zafi ai ba namiji ba ne, ita ma nata in ta ce ta gaji ba ya saurarawa, kuma ta san so ne. Tana faɗa tana murmushi, tana jan hannun rigarta ƙasa.

Mukarrama ta kife wayar a cinya. "Ƙanwata, shekara tara na yi a cikin shafin nan. Shayin ma an kawo mini. Ba zan karanta muku shi ba."

Lucia ta ce labari ne kawai, ba wanda ya mutu. Aka lallashi Mukarrama, aka tsokane ta, ta ce a'a. Goggo Hauwa'u ta yanke magana: in ba za ta karanta yadda aka rubuta ba, akwai masu karantawa a memorin da ake sa wa rediyo, su ba sai an yanka musu kwano ba. Mace ta ce a'a, mata goma sha ɗaya suka taru a kanta wai dole sai ta yi. Ina cikinsu, ban buɗe baki ba, kuma har yau abin yana ci mini rai.

Washegari aka kawo 'yar rediyo aka ajiye a tsakiyar tabarma. Mukarrama ta zo da wuƙarta ta zauna gefe, tana danne tumatir da bayan hannu. Har azahar ba ta yi rabin kwando ba. Da muryar rediyon ta iso shafin, sai ta tashi wai za ta yi alwala, ta daɗe ba ta dawo ba.

Kauɗarta ta bara ko damina ba ta kai ba. Bana ba ta zo yankan ba, ƙuli take sayarwa a bakin firamare. Ummuhani ta haihu, tana ɗakinta. In sun haɗu a rijiya har ƙasa take gaishe da Mukarrama, amma ba ta yarda su haɗa ido.